Cinikin Biri a Sama: Zaɓen Jita Don Amonta Ba Tare da An Kaɗa Ta Ba

Tashar Taman Melati ita ce ta kusa da ƙarshe a layin jirgin LRT na Kelana Jaya, idan mutum ya baro tsakiyar Kuala Lumpur ya nufi arewa maso gabas. Daga ita sai Gombak, inda babban mazaunin Jami'ar Musulunci ta Ƙasa da Ƙasa ta Malesiya yake, jami'ar da aka kafa a 1983 kuma ta daɗe tana jan ɗalibai daga Najeriya. Ta ɗaya ɓangaren, wajen Setapak, akwai jami'ar Tunku Abdul Rahman. Wannan ya sa unguwar ta cika da ɗalibai. Dogayen benayen haya sun jeru kusa da babban titin MRR2, ga shagunan abinci da ba sa rufewa da wuri, ga wuraren wanki da na buga takardu. Bahaushen da ya zo digiri na biyu ko na uku, in ya zo da iyali ko bai samu ɗaki a cikin makaranta ba, sau da yawa nan ko maƙwabtan nan yake sauka.

A ƙofar kowane bene akwai wurin da masu kai saƙo ke jibge kayan da aka saya ta Shopee da Lazada. A cikin tarin kwalayen, lokaci-lokaci akan ga wani dogo mai faɗin gindi da tsukakken kai. Jita ce a ciki, irin ta katako mai ƙoƙo wadda ba ta neman lantarki. Mai ita ya biya kuɗi tun kwanaki, amma bai taɓa jin muryarta ba.

Ba don babu shaguna ba ne. Jirgi yana kai mutum tsakiyar gari cikin ƙasa da rabin awa, kuma akwai manyan shagunan kayan kiɗa a Bukit Bintang da Petaling Jaya inda za a ba ka kujera ka gwada. To amma a intanet kaya sun fi yawa, ragi ya fi yawa. Akwai kuma kunya irin tamu: malamai sun yi saɓani a kan kayan kiɗa masu tsirkiya, kuma wani ɗalibin ya gwammace kwali ya same shi a ɗaki da a gan shi rataye da jita a tasha. Wani kuma sabon shiga ne, ko an miƙa masa a shago bai san abin da zai kaɗa ba balle ya san abin da zai saurara. Sai na ƙarshe, wanda ya fi kowa shiga tsaka mai wuya: ɗan aike. Ƙaninsa ya turo saƙo daga Kano ko Zariya, "Yaya, don Allah in za ka dawo ka taho min da jita mai murya mai daɗi." Wanda zai kaɗa yana wata nahiya, wanda zai saya bai iya ba, mai sayarwa kuma hoto kawai ya nuna.

A gidajenmu ba haka aka san sayen abin kiɗa ba. Mai gurmi ko garaya ko molo yakan zauna da maƙerin abin, ko ya haɗa da hannunsa, ya ƙwanƙwasa ƙoƙo, ya taɓa fata, ya ɗaure tsirkiya ya saurara kafin a yi maganar kuɗi. Kuntigin marigayi Ɗan Maraya Jos, wanda ya rasu a 2015, tsirkiya ɗaya ce a kan ɗan ƙaramin ƙoƙo da aka rufe da fata, amma kunnen mai shi ne ya yarda da ita kafin duniya ta ji. Jita kuwa daga masana'anta take fitowa, dubbai a lokaci guda. Don haka tambayar da ta dace a yi ita ce: cikin abubuwan da ke haifar da amo, wanne ake iya sani daga nesa, wanne ne kuma sai kunne ya ji?

Abin da waya ba za ta faɗa maka ba

Kusan kowa da bidiyo yake farawa. A buɗe YouTube ko TikTok, a ji wani gwani yana kaɗa irin jitar da ake sha'awa, a ce shi ke nan. Nan ne tarkon farko. Tsirkiya mafi kauri a jita, in an kaɗa ta ba a danne ba, tana girgiza kusan sau 82 a daƙiƙa. Iskar da ke cikin ƙoƙon babbar jita tana amsawa ne a wajajen sau 100, fuskar katakon kuma a wajajen sau 200. Waɗannan su ne ke ba jita kaurin murya, wannan gurnanin da mai kaɗawa ke ji a ƙirjinsa. Ɗan sifikar waya ba ta da girman da za ta fitar da su yadda suke. Abin da ke isa kunne shi ne siririn saman sautin, kuma a can sama jitar ringit (kuɗin Malesiya) ɗari uku da ta dubu uku ba su da nisa da juna sosai.

Ko da an sa abin ji mai kyau a kunne, saura makirufo. In aka matsar da shi taƙi ɗaya zuwa bakin ramin jita, murya ta yi kauri. In aka kai shi wajen wuya, ta yi siriri da sheƙi. Sannan ga ɗakin da aka ɗauka, ga amsa-kuwwar da ake ƙarawa da kwamfuta, ga sababbin tsirkiyoyi da aka ɗaura a ranar, ga hannun gwani. Bidiyo yana da amfani a wuri ɗaya tak: idan mutum ɗaya ya kaɗa jita biyu a jere, kiɗa iri ɗaya, makirufo bai motsa ba. Nan za a iya jin bambancin da ke tsakaninsu, ko da ba a ji ainihin kowacce ba.

Fuska da girman ƙoƙo

Tsirkiya ita kaɗai ba ta da ƙara. Siririn abu ne, ba ya ture iska. Girgizarta tana bi ta kan jaki, wato ɗan katakon da tsirkiyoyi ke ɗaure a kansa, ta sauka a fuskar jita, wannan falle na katako da kaurinsa bai fi milimita 3 ba, shi ne ke kai da komo yana ture iska. Aikinsa ɗaya da na fatar garaya. Duk wanda ya san yadda fata ke sauya murya in ta yi sanyi ko ta sha rana ya riga ya fahimci rabin zancen.

Maƙerin jita ɗan Sifen, Antonio de Torres, wanda ya tsara siffar jitar zamani, ya nuna haka tun 1862. Ya haɗa wata jita da fuska ta katako mai kyau, baya da gefe kuwa ya yi su da kwali. Jitar tana nan a gidan tarihin kiɗa na Barcelona. Abin da yake son faɗa shi ne, murya daga fuska take fitowa, saura 'yan rakiya ne.

A ƙarƙashin fuskar akwai sandunan katako da aka manna kamar haƙarƙari, domin tsirkiyoyin ƙarfe shida suna jan jaki da nauyin da ya haura kilo 70. Kamfanin Martin na Amurka ne ya yaɗa tsarin gitta manyan sanduna biyu tun ƙarni na 19, kuma yawancin jitoci masu tsirkiyar ƙarfe a yau a kansa suke. In an sassaƙe sandunan sun yi sauƙi, fuska ta fi sakewa, murya ta fi buɗewa. Wannan ba a ganinsa a hoto, amma masana'antun kirki suna rubuta shi.

Abin da ake iya sani daga nesa ba tare da kokwanto ba shi ne girman ƙoƙo, kuma a ganina shi ya fi kowane abu a tallar faɗin gaskiya. Babbar siffar nan mai faɗin kafaɗa da ake kira dreadnought, Martin ya fara ƙera ta a 1916 don kamfanin Ditson, ya fito da ita da sunansa a 1931. Tana da ƙara da kauri, ta dace da mai buga tsirkiyoyi gaba ɗaya yana rera waƙa a cikin jama'a. Masu matsakaicin ƙoƙo da tsukakken ƙugu sun fi rarrabe sauti, kowace tsirkiya tana fita da kanta. Ga wanda yake son bin salon mutanen Agadas, ko na makaɗin jita Ali Farka Touré, ko ya kwaikwayi tafiyar gurmi a kan jita, inda yatsa ke tsince tsirkiya ɗai-ɗai da sauri, matsakaiciya ta fi dacewa. Kaurin babbar jita yakan haɗiye irin wannan tsinta. Ƙari a kan haka, mai ƙaramin jiki zai gaji da rungumar babbar, kuma jitar da ake gajiya da ita jingine ta ake yi.

Sunayen katako

Inda masu talla suka fi zuba kalmomi shi ne katakon baya da gefe. Wannan yana da zurfi, wancan yana da ɗumi, wancan kuma yana ƙyalli. Kuɗi ma a nan suke hawa. A 2018 masu bincike a Jami'ar Lancaster ta Ingila, Samuele Carcagno da abokan aikinsa, suka buga sakamakon wani gwaji. Maƙerin kamfanin Fylde, Roger Bucknall, ya ƙera jita shida iri ɗaya, fuska iri ɗaya, sai baya da gefe kowacce da nata katakon, daga rosewood na Brazil mai ɗan karen tsada har zuwa sapele da walnut. Aka kawo makaɗa 52, aka sa musu gilashin masu walda a ɗaki mai duhu don kada su gane katakon da ido, suka kaɗa suka ba da maki. Makin ya fito kusan ɗaya. Da aka nemi wasu daga cikinsu su rarrabe jitocin da kunne da hannu kawai, abin ya yi musu wuya.

Wannan ba ya nufin duk jita ɗaya ce. Yana nufin wanda ke saye daga nesa kada ya ƙara kuɗi don sunan katakon baya da tunanin amo yake saya. In don kyan gani ne, wannan halal ɗinsa ne.

A nan akwai abin da ke sosa mini rai. Sapele ɗin da ake yabo a shagunan Kuala Lumpur sunansa daga garin Sapele na jihar Delta ya fito, tashar da aka daɗe ana lodin katako zuwa Turai. Abin da ake kira mahogany na Afirka dangin maɗaci ne, kuma maɗacin namu da kansa ana dasa shi a bakin titunan Malesiya don inuwa. Baƙin katakon da ake shimfiɗawa a wuyan jita masu tsada dangin kanya ne, yawancinsa daga Kamaru. Kamfanin Taylor na Amurka har ya shiga mallakar wata masana'antar yankan shi a Yawunde a 2011. Maɗobiya kuwa an sare ta ba ji ba gani ana kai wa Sin, har aka sa ta a jerin itatuwan da yarjejeniyar CITES ke sa wa ido daga 2017. Itacen namu ne, amma sai ya zaga duniya ya dawo mana a kwali da tambarin wasu. Kafintocinmu da ke fitar da ƙofofi da gadaje masu ban sha'awa ba su gaza wannan aikin ba. Koyarwa da busasshen katako ne ba su samu ba.

Ƙananan jitocin da ɗalibi ke iya saya ma ba sa shiga wannan gasar sunaye. Yamaha F310, wadda ake ƙerawa a Indonesiya kuma ta cika kasuwannin yankin, bayanta da gefenta na katakon wannan yanki ne irin su meranti, wanda kowane kafinta a Malesiya ya sani. Ba ta da wata murya ta a zo a gani, amma in ka sayi goma, kusan goman ɗaya za su fito. Ga mai saye bai taɓa ba, wannan daidaito na masana'anta shi ne jarinsa. Jitar da gwani ya ƙera da hannu tana iya fin ta nesa ba kusa ba, sai dai kowacce da halinta, kuma irin wannan ba a sayenta sai an zauna da ita.

Laimar Kuala Lumpur, hunturun Kano

Fuskar jita iri biyu ce. Akwai ta katako zalla, akwai ta siraran falle-falle da aka manna da gam aka gitta jijiyoyinsu. Ta zalla ta fi sakewa, ta fi amsa hannu mai laushi, ta fi faɗin murya. Idan tallar ta ambaci sunan katako amma ba ta rubuta "solid" a gabansa ba, a ɗauka ta falle-falle ce, komai daɗin sauran bayanin. Yamaha FG800, wadda ta fito a 2016, misali ce ta mai fuska zalla a farashi mai sauƙi. Kowane mai ba da shawara zai ce a sayi zalla. Da amo ne kaɗai abin dubawa, da ni ma haka zan ce.

Amma katako ko an yanka shi an shafe shi, bai daina shan ruwa da fitar da shi ba. Masu ƙera jita suna so ta zauna a iska mai laima kashi 45 zuwa 55 cikin 100. Kuala Lumpur tana kaiwa wajen kashi 80 kusan duk shekara. A irin wannan iska fuska takan kumbura ta bayan jaki, tsirkiyoyi su yi nisa da wuya, murya ta dushe kamar an rufa mata bargo, tsirkiya ta yi tsatsa cikin 'yan makonni, wani lokaci har fumfuna a cikin ƙoƙo. Jitar da ta yi watanni a ɗakin ajiyar mai sayarwa ba ta da muryar da aka ji a bidiyon da aka ɗauka a wani ɗaki mai sanyi a Japan ko Amurka. Da yawa daga masu cewa an cuce su, laima ce ta cuce su. In aka sa jitar a akwatinta tare da 'yan ƙunshin nan masu tsotse danshi, aka sauya tsirkiya, bayan sati ɗaya ko biyu muryar takan dawo.

Wannan ƙaramar matsala ce in aka kwatanta da ta komawa gida. A Kano, Katsina, Sakkwato ko Maraɗi, laimar iska a tsakiyar hunturu takan sauka ƙasa da kashi 20. Fuskar babbar jita faɗinta ya kai santimita 40, kuma katako ta faɗi yake tsukewa, ba ta tsawo ba. Tsakanin jiƙa da bushewa irin wannan, tana iya neman ta tsuke da milimita 2 zuwa 3, alhali an manne ta a gefe ta ko'ina, ba ta da inda za ta je. Alamar farko, bakunan ƙarafan da aka gitta a wuya su fara karce hannu, domin katakon ya ja baya ya bar su. Sai fuska ta lotsa, tsirkiya ta fara zizar ƙarfe. Daga nan sai tsaga, yawanci daga jaki zuwa gindi. Jitar da ta baro Taman Melati a watan Disamba cike da ruwa ta sauka filin jirgin Malam Aminu Kano tana cikin haɗari mafi girma, saboda sauyin na kwana ɗaya ne.

Ta falle-falle ba ta cika wannan tsagewar ba, domin jijiyoyin da aka gitta suna riƙe juna. Don haka ga ɗan aiken nan da ƙaninsa ke jira a Zariya, ni dai shawarata ta saɓa wa ta masu shago. In jitar za ta zauna jingine a ɗaki, yara na taɓawa, ana ɗaukarta a babur zuwa wurin abokai, a sayi ta falle-falle daga masana'antar da aka sani. Za a rasa ɗan zaƙin murya, amma za ta ga damina goma. In kuwa mai ita mutum ne da zai mayar da ita akwati kullum ya kula da ita, to a saya masa mai fuska zalla da baya na falle-falle, a haɗa masa da akwati mai tauri.

Kada a raina mai araha. Mdou Moctar na Nijar, wanda yanzu ke cika zaurukan Turai da Amurka, jitarsa ta farko da hannunsa ya haɗa ta, da wayoyin birkin keke.

Tsayin tsirkiya

'Yan Malesiya da suka manyanta suna da labarin jitar Kapok, mai arahar nan 'yar Sin da samarin da suka koyi kiɗa a bakin layi da ƙauyuka suka fara da ita. Abin da aka fi tunawa da ita shi ne tsirkiyoyinta masu nisa da wuya da ke cin yatsa. Wannan nisan yana shiga amo kai tsaye. In tsirkiya ta yi sama, mai koyo ba ya iya danne ta sosai, sauti ya fita a shaƙe, kuma dannewar kanta tana jan tsirkiyar ta kauce wa daidai. Sai a ɗora wa katako laifi.

Ga tambayar da ake iya yi daga nesa. A ce wa mai sayarwa ya auna tazarar da ke tsakanin tsirkiya mafi kauri da ƙarfe na 12 a wuya, ya turo hoton da ma'auni a jiki. Milimita 2 zuwa 2.5 daidai ne. In ta wuce 3, a duba ko farin ƙashin da ke kan jaki yana da sauran tsayin da za a rage; in ya riga ya yi ƙasa kuma tazarar na nan, wuyan ya tashi, gyaransa ya fi kuɗin ƙaramar jita. Wannan ya fi muhimmanci ga masu sayen ta hannu a Mudah ko Carousell. Can a nemi hoton jaki ta baya don a ga ko ya fara ɗagowa, da hoton fuska daga gefe. Tun da kuwa yawancin masu sayar da ta hannu suna yarda a haɗu a tashar jirgi, babu dalilin da zai hana a roƙi abokin da ya iya kiɗa ya yi rakiya. Minti biyar na hannunsa sun fi bidiyo hamsin.

Shagon kirki zai yarda ya buɗe kwali ya daidaita jita kafin ya aiko. Wanda ya ce ba ya buɗewa, a ware wani abu daga kuɗin don mai gyara. Daidaita wuya, rage tsayin tsirkiya da sa sababbi suna sauya muryar ƙaramar jita fiye da duk wani ƙarin kuɗi da za a yi a kan sunan katako.

Sai batun jabu. Babban suna a kan ƙaramin farashi ƙarya ce. A watan Nuwamban 2024 hukumar kwastam ta Amurka ta sanar da kama jabun jitocin Gibson fiye da 3,000 a tashar ruwan Los Angeles. Irinsu suna yawo a kasuwannin intanet na ko'ina.

Kafin a biya, a karanta sharaɗin mayar da kaya, a tabbatar ko ya haɗa da wanda kawai bai ji daɗin abin ba, domin amo ba lahani ba ne a wurin mai sayarwa. In kwali ya iso, a ɗauki bidiyon buɗe shi daga farko har ƙarshe. Idan abin da aka aiko ya saɓa wa abin da aka tallata, misali an ce zalla aka kawo falle-falle, ana ganewa a bakin ramin jita: a ta zalla jijiyar katako tana sauka ta kaurin bakin ba yankewa, a ta falle-falle kuwa ana ganin layi-layi, in ba an rufe wurin da fenti ba. Malesiya tana da dokar kare masu saye ta 1999 da kotun sauraron ƙorafinsu, wadda ke karɓar da'awa har ta ringit 50,000 ba tare da lauya ba.

Ranar komawa gida, a sassauta tsirkiyoyi, a cusa tufafi masu laushi a kewayen kan jitar cikin akwati, a tambayi kamfanin jirgi ƙa'idarsa tun kafin ranar. Dokar CITES da ta takura wa rosewood a 2017 an sassauta ta ga kayan kiɗa da aka gama ƙerawa a ƙarshen 2019, ban da na Brazil, don haka jitar ɗalibi ba ta da wannan damuwar. In aka sauka cikin hunturu, a bar ta a rufe. A samo kwandon sabulu na roba mai murfi, a huda shi, a sa soso da aka jiƙa aka matse sosai, a ajiye a cikin akwatin ta wajen kan jita inda ba zai taɓa katako ba. A riƙa duba soson duk bayan kwana biyu ko uku, har zuwa lokacin da ruwan farko zai sauka.